Tsumma Biyu a Kan Iyaka

Gonar rake wuri ne mai rufin asiri. Mutum zai iya faɗuwa a tsakiyarta da hantsi, ba wanda zai sani sai ungulu ta ba da sanarwa. Dogo ya taɓa gwadawa. Rana ta buge shi, ya zube tsakanin kunyoyi, ya farfaɗo don kansa da yamma, ya koma gida bai gaya wa kowa ba. Da ma babu kowa a gidan. Matarsa ta rasu, 'yarsa tilo tana aikin jinya a birni.

Tabon goshinsa ne ya tona shi ranar da ta zo ganinsa. Ta koma ta dawo da takalmin roba mai tsawo saboda maciji, da malafa, da gorar ruwa, da sharaɗi guda: ko a sami wanda zai riƙa sanin shigarsa gona da fitarsa, ko ya bi ta birni. Ta riga ta tanadar masa ɗaki a can, tagarsa na kallon bangon maƙwabta.

Waya ba ta kamawa a gonar. Mutum ɗaya ne a kusa, wato maƙwabcinsa Mai Tsaki, wanda rabon su da gaisuwa tun rigimar hanyar ruwa. Ruwan ma ya daɗe da canza hanya, ya bar su da rigimar.

Yarinyar ta je wurin Mai Tsaki ta durƙusa, ta kira shi Baffa, ta kawo dabararta. Akwai dirka a kan iyakar gonakin. Duk wanda ya shiga gona zai ɗaura tsummansa a kai, in ya fito ya kwance. Wanda ya ga tsumman ɗan'uwansa har rana ta yi ƙasa, dole ya shiga nema.

"Na yarda," in ji Mai Tsaki. "Ba don ubanki ba. In ya ruɓe a ciki, gonata iska ke kaɗowa."

Da ta kai wa uban saƙon, ya ce, "Gaya masa ni ma don ƙudaje na yarda."

Haka aka yi ta tafiya, ja na Dogo, shuɗi na Mai Tsaki. Ba su taɓa cewa uffan ba. In sun yi kiciɓis a gindin dirkar, ɗaya ya ja tsaki, ɗaya ya kalli sama kamar yana duba hadari. Takalmin roba kuwa yana ƙarƙashin gado, gizo-gizo ya kama haya a ciki. Dogo na shiga rake da silifa, yana tsallaka bakin rijiyar da ba ta da murfi, yana manta gora a gida. Ya san ko me ya same shi, akwai mai zuwa, ko don ya yi masa dariya.

Wata yamma Dogo ya fito ya kwance jansa, ya tarar shuɗin yana nan. Ya tsaya yana gyara ɗaurin fartanya a keke, gyaran da ba ta buƙata. Rana ta ci gaba da sauka. Ya jingine keken ya tsallaka iyaka.

"Kai!" ya kira. "Kai, mutumin nan!"

Sunan ya ƙi fitowa, ya yi tsatsa a maƙogwaro. Ya duba wajen injin ban-ruwa, inda bel ke iya fizgar rigar mutum. Ya duba rumfar da ake ajiye maganin feshi. Ya kwanta rub da ciki ya leƙa rijiya, bai ga komai ba sai kansa. Ya kutsa cikin raken kunya bayan kunya, ganye na tsaga masa hannuwa, ƙaiƙayi na cin wuyansa. Silifa ɗaya ta maƙale a laka, ya bar ta.

Daga nan ya nufi gidan Mai Tsaki don ya tara mutane. Ya tarar da motar kaya a ƙofar gida, ɗan Mai Tsaki na ɗaure katifa a kai. Uban yana zaune a kujera, sanye da sababbin kaya, kamar wanda za a ɗauka hoto. Ya kalli ƙafar Dogo, ya kalli hannuwan.

"Rake ya yi maka aski ke nan," in ji Mai Tsaki.

"Tsummanka na kan dirka," in ji Dogo.

"Na manta."

"Ba ka taɓa mantawa ba."

"To yau na fara. Tsufa ne."

Ɗan ya sauko ya gaida Dogo, ya ce gwiwoyin Baba sun gama aiki, an ba da gonar haya ga wasu masu tarakta da ke zuwa jefi-jefi. Yanzun nan za su kama hanya, Baba zai koma zama a wurinsa.

"Ka leƙa rijiyar?" Mai Tsaki ya tambaya.

"Na leƙa."

"Da ka ga ni a ciki fa?"

"Da na koma gida na yi wanka tukuna."

Mai Tsaki ya ja tsaki, amma bai fita da ƙarfinsa na da ba. Da ɗan ya kama shi zai sa a mota, tsohon ya ce ba tare da ya juyo ba, "Ka ce wa yarinyar nan ta nemo maka wani maƙiyin. Kada ta ɗauko mai kasala."

Washegari da safe, kafin Dogo ya fita, 'yarsa ta kira shi a waya.

"Baba, kuna dai ɗaura tsumman?"

Dogo ya tuna tagar nan mai kallon bango.

"Yanzu haka nasa yana kai," ya ce.

"Madalla. Ka gaida Baffa."

Ya ajiye wayar. Ya durƙusa ya jawo takalmin roba, ya kakkaɓe shi da kyau, ya sa. Ya cika gora, ya ɗauki malafa, ya ɗora wani tsohon ƙyaure a keke don rufe bakin rijiya. A kan iyaka ya ɗaura jan tsummansa kusa da shuɗin, ya tsaya kaɗan. Sannan ya shiga raken a hankali, yana duba inda zai sa kowace ƙafa.