Furar Gayya Ta Yi Tsami

Rana ta ɗaga har ta fara cizo, ba wanda ya zo gonar Illo. Ƙoren fura na jere a gindin tsamiya an rufe su da faifai, tuwon da matarsa Hasiya ta tuƙa tun asuba ya fara ɓawo. Illo na zaune ya miƙe ƙafa, idonsa a kan hanya.

Masunci ne a tafkin Madarumfa, kuma manomi kamar kowa. Bana ƙayar tarwaɗa ta soke shi, ƙafa ta kumbura kamar tulu, noman fari ya wuce shi yana kwance. Ciyawa ta shaƙe geron har ya yi ja. In ba a nome shi a makon nan ba, rumbu zai shekara wayam. Shi ya sa ya kira gayya, ya aika gida gida.

Ya san abin da ya hana su zuwa. Lokacin da Sarkin Ruwa Alhassan ya rufe tafki don kifi ya zuba ƙwai, Illo ya saci jiki ya jefa taru, ya sayar wa wani ɗan Jibiya. An gan shi. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya kai shi ƙara. Gaisuwa ce kawai ta gajarta. Da mai hankali ne da ya gane tun ranar, amma shi cewa ya yi ruwa na Allah ne.

Ɗiyarsa Mardiyya, wadda ta zo hutu daga iniversite ta Maraɗi, tana korar ƙudaje daga kan fura.

"Ke, me kika ce kina karantawa can?" in ji Illo.

"Sosiyoloji, Baba. Ilimin zaman jama'a."

"To ga jama'a sun ƙi zuwa. Buɗe mini ilimin."

"Baba, shekarar farko nake. Har yanzu waɗanda suka kafa fannin ake koya mana."

"Faɗa mini nasu ɗin. Ko su ba su taɓa kiran gayya ba?"

Ta sunkuyar da kai. "Ɗayansu, wani Bafaranshe, ya ce jama'a ta fi ƙarfin mutum ɗaya, kuma ba ka jin nauyinta sai ranar da ka saɓa mata, kamar mai tuƙa kwalekwale da iska ta juya masa. Ya ce horon mai laifi ba don shi ake yi ba. Don sauran ne, su ga doka na da rai."

"Wato ba kifinsu suke so in biya ba."

"A'a. Wani kuma Bajamushe ya ce kowane aiki akwai abin da mai shi ke nufi. Rashin zuwansu magana ce, Baba. Amsarka suke jira."

"Sai da aka je Jamus aka gano wannan?" Ya yi dariyar da ba ta kai ciki ba.

Amsar ya san ta. Al'adar masunta ce wanda ya karya dokar ruwa ya kai tarunsa da hannunsa, a yanka a gaban mutane. Taru ɗaya gare shi, da shi yake cefane duk rani.

Hasiya ta ajiye ludayi. "Malam, taru ana saƙa wani. Damina ba a saƙa ta."

Illo ya hau amalanken jaki, Mardiyya ta kora, suka biya gida suka ɗauki tarun, suka gangara bakin tafki. Dattawa na ƙarƙashin inuwa suna gyaran fatsa. Illo ya sauko yana ɗingishi, ya zube tarun a gaban Sarkin Ruwa.

"Me ke tafe da kai?" in ji Alhassan, alhali yana gani.

"Na yi su a tafki alhali ruwa na rufe. Na ci amanarku."

Usman, abokinsa tun suna yara, ya ce, "Af! Ashe ruwan Allah na da mai gadi?"

Ba wanda ya yi dariya. Alhassan ya zaro wuƙa ya bi tarun, ya raba shi gida gida. Illo ya tsaya ya kalla har ƙarshe.

"An wuce wurin," in ji Alhassan. "Amma majiya ƙarfi na gonar Ibrahim ta hanyar Safo, bayansa akwai wasu a gabanka. Taka sai an zagayo."

"Ranka ya daɗe, geron ba zai kai ba."

"Kifin ma bai kai ba, Illo. Da ƙwai a ciki ka kwashe shi."

Suka koma gona. Fura ta yi tsami, tuwo ya bushe. Mardiyya ta ɗauki hauya ta bi bayan uwarta, ko kunya guda ba ta gama ba tafin hannunta ya tashi. Illo ya durƙusa a kan gwiwar da ke da lafiya, yana cire ciyawa da hannu yana jan kumburarriyar ƙafar. In ya kai ƙarshen kunya sai ya ɗaga kai ya dubi hanya.