Kuɗin Karatun 'Yan Halvik

Da aka sayar da gonar babanmu a Nebraska, wasiyyarsa ɗaya ce: a ajiye rabin kuɗin, a riƙa biya wa yara karatun jami'a da ribar. Amma fa yaran da suka gama makarantar garinmu Halvik kaɗai. Ban da 'yan Brenna, garin da ke maƙwabtaka da mu, don tun yana saurayi suka yi mana maguɗi a wasan ƙwallo, bai yafe ba har ya koma ga Allah.

Ni na ce mu kai wa gidauniyar gunduma. Su ke riƙe wa iyalai irin wannan ajiya, su yi wahalar takardu, kai dai sunanka na kai. Yayana Merle ya buga tebur.

"Lorna, ke dai ragwanta ce ke damunki! Mu kai musu, su zama masu ta cewa, mu mu koma 'yan shawara? Tamu za mu kafa, ta gida."

"To wa zai yi takardun haraji, Yaya?"

"Ke mana. Ba ke ce mai boko ba?"

Haka kuwa aka yi. Shekara ashirin da shida ina fama, shi nasa tsayawa a hoto. Lauya ya rubuta sharaɗin Baba kalma bayan kalma, ya ƙulle shi tamau, Merle har da tafi. Yara arba'in da ɗaya muka biya wa karatu, kuma ko ɗaya bai dawo ya zauna a Halvik ba.

Bara aka rufe makarantar, aka haɗe sauran yaran da ta Brenna. Merle ya rasu a watan da aka rufe ta, ya bar ni da jidali. Doka ta ce gidauniyar gida dole ta fitar da kashi biyar cikin ɗari duk shekara, ko a ci ta tara. In ba wa? Babu wanda zai sake gama makarantar da babu ita. Sauya sharaɗin kuma sai kotu, ga shi shekarata saba'in da takwas, 'ya'yana suna can nesa, ko waya sai na roƙa.

Na toya waina, na tuƙa mota zuwa ofishin gidauniyar gunduma, inda na so zuwa tun farko. Kunya kamar in nutse.

Denise Kucera, mai kula da ajiyar iyalai, ta karanta takardun tsaf.

"Za mu karɓa, Mama, mu bi miki kotun. Amma in manufa ta mutu, kwamitinmu ke sauya ta. Kuma in kin sa hannu, shi ke nan, ba a dawowa."

"Su wa za ku ba?"

"Yaran makarantar da ta rage."

"'Yan Brenna ke nan."

Ta sunkuyar da kai. Raina ya ɓaci, sannan na karaya.

"'Yar nan, a bar wani abu a Halvik mana. Ko yaya."

"Kina iya rubuta shawara. Me ya rage a garin da ke buƙatar kuɗi?"

Na tsaya ina lissafi. Coci a kulle, ɗakin karatu ya zama ma'ajiyar taki, likita ya tashi tun tuni. Ta miƙo mini biro, tana jira.

Na rubuta: yankan ciyawar maƙabarta.