Gam a Shebur ɗin Agnes

Mutum uku ne suka rage a gabansa a layin awo, amma Gordon Pelkey ya riga ya jiƙe da gumi, a watan Maris kuma, a garin Duluth, inda ƙanƙara ba ta ma fara narkewa a bakin titi ba. Ya rungume Agnes a ƙirji ya matse ta sosai, don idan ya matse abu hannuwansa sukan ɗan natsu.

Agnes mutum-mutumin faɗa ce da ake sarrafawa da rimot, tsawonta bai wuce takalmin babban mutum ba. Da ƙananan tubalan roba aka gina ta, irin na wasan yara masu shiga cikin juna. Tana da taya huɗu, da shebur a gaba wanda take zurawa ƙarƙashin abokin karawa ta kife shi. Sunan marigayiya surukarsa ya sa mata, wai don ita ma ba ta san ja da baya ba. Shekara goma sha ɗaya ke nan yana kawo ta wannan zaure na ƙarƙashin coci, inda manya da furfurarsu suke taruwa sau ɗaya a shekara su farfasa kayan wasa suna ihu.

Dokar gasar biyu ce: nauyi kada ya wuce laba biyu, kuma ba a sa gam. Tubali ya riƙe ɗan'uwansa da ƙarfin yatsan da ya danna shi, shi ke nan. Gordon da kansa ya kawo al'adar da ake bi a teburin awo, cewa alƙali ya zaɓi tubali ɗaya da ya ga dama ya ɓamɓare shi a gaban kowa. An taɓa kama wani da gam shekara shida da suka wuce. Ba wanda ya kore shi, amma bai ƙara dawowa ba, kuma har yau ba a kiran sunansa, "mai gam" kawai ake cewa.

To, jiya da rana Gordon ya sa wa shebur ɗin Agnes gam.

Shekara arba'in ya yi yana kafinta, sai ga shi tun bara hannuwan sun fara rawa. Likita ya faɗi sunan ciwon, ya rubuta magani, rawa dai ta ci gaba. Mako uku yana danna tubalan shebur ɗin nan, da zarar ya gwada Agnes da bango sai su watse. A zauren nan ba wanda ya gaya wa. Tsoro yake ji kada a fara yi masa magana a hankali, irin yadda ake yi wa marar lafiya.

"Matsa mana, tsoho, layi na tafiya," in ji matarsa Darlene daga bayansa. Faranti ne a hannunta cike da burodin kirfa. Duk shekara aikinta ke nan: ta ajiye burodi, ta samu kujera a lungu ta fito da saƙarta, har a tashi ba ta ɗaga kai ba.

Alƙalin awo Otis Brandvold ne, tsohon direban motar share ƙanƙara, abokin Gordon kuma abokin hamayyarsa.

"A'a, ga gwaggo ta iso!" in ji Otis. "Bana ma cin mutuncinmu za ta yi?"

Ya ɗora ta a sikeli, nauyi ya yi daidai. Ya juya ta, ya kai yatsa kan wani jan tubali a bakin shebur, ya ja. Bai motsa ba. Ya ƙara ja. Sai ya ɗago ya dubi Gordon, kallon bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Daga nan ya zame yatsansa zuwa bayan Agnes, ya ɓalle wani tubali da ya fita salin-alin, ya ɗaga shi sama.

"Ta wuce. Na gaba!"

Gordon ya ɗauki abarsa ya yi taku biyu. Da Otis ya tona masa asiri, da ya san yadda zai yi da fushi. Amma wannan tausayin ya fi ƙarfinsa, kunya ta rufe shi har kunnuwansa suka yi zafi. Ya juyo ya dire Agnes a kan tebur.

"Otis, koma kan wanda ka fara ja."

"Na ce ta wuce, mutumina. Mutane na jira."

"Akwai gam a shebur ɗin. Ni na sa, jiya."

Gordon ya shimfiɗa hannuwansa biyu a kan tebur, ya bar su suka yi abin da suka saba. Yatsun suna bugun katako kowa na gani.

"Ba na iya danna su," ya ce. "Shi ne kawai."

Otis ya sosa ƙeya. "Wai kai da gaske kana tsammanin ba mu sani ba? Tun bara kake zubar min da gahawa a wando. Na ɗauka ma da gangan ne."

Wani ya fashe da dariya, sauran suka bi. Darlene ta ajiye farantinta a kan takardun Otis ba tare da neman izini ba.

"Ni kuwa kicin ɗina ya wuni yana warin gam, ka ce min wai takalmi kake gyarawa. Kai da ko maɓallin rigarka ni ke sa maka!" Ta naɗe hannun riga. "Minti nawa ya rage a rufe awo?"

"Ashirin," in ji Otis. "Doka gam ta hana, ba ta hana mata ba."

Aka cire shebur mai gam aka tura gefe. Kafin Gordon ya buɗe baki, mutane sun zazzage akwatunan tubalansu a gabansa. Har Yolanda Ferreira, ma'aikaciyar asibitin haƙori da za ta kara da shi a zagayen farko, ta kawo nata.

"Ɗauki abin da kake so, Mista Pelkey. Ba na son a ce na ci ka ne don ba ka da shebur."

Darlene shekara talatin ta yi tana kwaɓa fulawa a gidan burodi, babban yatsanta kamar kan muciya yake. Gordon na nunawa, tana dannawa.

"Ba wannan ba, mai ido shida. Ki gitta shi a kan gaɓar, kada gaɓa ta hau gaɓa."

"To faɗi haka mana, ai ba kurma ba ce ni."

"Danna har sai kin ji ya yi ƙas."

Ya yi ƙas. Otis ya sake awo saura minti biyu, ya zaɓi tubali a bakin shebur, ya yi ta fama har fuskarsa ta yi ja kafin ya fita.

Karawar minti uku ce a cikin akwatin gilashi mai rami a kusurwa, wadda ta faɗa ramin ta sha kaye. Ta Yolanda guduma gare ta, tana saukar wa Agnes duka ba ƙaƙƙautawa. Tubalai suka yi ta tsalle daga bayan Agnes. Gordon ya lallaɓa ya zura shebur, ya ɗaga, mai guduma ta wuntsila ta faɗi a bayanta. Sai ya ji wata murya ta danne ta kowa.

"Kife ta! Ƙara mata! Kai Gordon, hagu, hagu na ce!"

Darlene ce, ta manne goshi da gilashi. Mai guduma ta yunƙura ta miƙe. Saura daƙiƙa ashirin yatsansa ya zame a kan rimot, Agnes ta kwasa a guje ta faɗa rami da kanta. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba. Ya miƙa wa Yolanda hannunsa yana rawa, ta riƙe shi da nata biyu.

Darlene ta ciro Agnes daga rami tana jujjuya ta.

"Duba nan. Ko ɗaya nawa bai fita ba. Duk naka ne na baya suka zube."

"Na gani."

"Kuma tayoyin nan sun yi kusa da juna, shi ya sa take santsi."

"Yaushe kika san wannan?"

"Shekara goma sha ɗaya ina zaune a lungun can. Saƙa da hannu ake yin ta, ba da kunne ba."

Da za a tashi, Otis ya zagayo da takardar masu shiga gasar baɗi. Ya tsaya a gaban Gordon ya miƙa masa ita. Gordon ya karɓi biro, ya kai shi kan layi, bakin biron ya yi ta karkarwa a saman takardar. Ya daɗe a haka, sannan ya miƙa wa matarsa.

Ta rubuta sunanta a sama, ta rubuta nasa a ƙasa.