Dogon da Koci Pilo Ya Aika a Kawo

Koci Pilo Gallenero ya daɗe yana mafarkin wani dogon mutum. Da rana mafarkin ke zuwar masa, bayan ya ci abinci ya miƙe a kan benci a ɗakin wasan Kwalejin San Telmo da ke Iloilo a ƙasar Filifin, ruwan sama na dukan kwanon rufi, tsuntsaye na shige da fice ta tagar da ta fashe. Da ya lumshe ido sai ya hango shi: wani zanƙalelen saurayi ya taso daga tsibirin Guimaras da ƙafa, yana ratsa teku, ruwa bai wuce gwiwarsa ba, jiragen fasinja na kauce masa. Ya iso Iloilo, ya sunkuya ya shigo ɗakin, ya ajiye ƙwallo cikin raga kamar mai ajiye kwano a kan kanta.

Shi Pilo gajere ne. Ya buga ƙwallon kwando da ƙuruciyarsa, kuma ya iya, rashin tsawo ne ya hana shi kaiwa manyan ƙungiyoyin Manila. Yanzu furfura ta cika masa kai, yaran da yake horarwa kuwa 'ya'yan masunta ne da na manoman rake, ga zafin nama, amma ba mai tsawon a zo a gani. Dokar gasar kwalejoji ta yarda kowace ƙungiya ta ɗauko ɗan wasa ɗaya daga ƙasar waje. Manyan makarantu sun daɗe da kawo nasu, ƙarti daga Kamaru da Mali da Najeriya. San Telmo ce kawai gurbinta ke nan fayau.

Ana nan sai yayarsa ta turo masa bidiyo. Sista Amparo sistar coci ce, ta daɗe tana koyarwa a Ziguinchor, kudancin Senegal. Hoton bidiyon na girgiza, ga fili na yashi ƙarƙashin itatuwan mangwaro, ga yara na wasa ba takalma. A tsakiyarsu akwai wani dogo kamar giginya. Da ya ɗaga hannu sai ƙwallo ta same shi a sama, ya zura ta. Pilo ya kalla, ya sake kalla, har wayar ta yi zafi, sannan ya kira ta. Manang yake ce mata, wato yaya a yarensu.

"Manang, yaron nan shi nake so."

"Ai na san shi za ka so," in ji ta. "Duk garin nan ba kamarsa. Sunansa Burama Koli. Amma fa karatun kiwon kifi yake son yi."

"Ko kitso yake son koya, ni dai ya zo."

Ya yi ta sintiri ofishin shugaban kwalejin, Fada Sumagaysay, har Fada ya gaji ya amince. Pilo ya kira kafinta ya ƙara wa gadon ɗakin baƙi tsawo, ya sa aka fasa saman ƙofar aka ɗaga ta. Matarsa Luding ta tsaya da tsintsiya tana kallon ƙurar siminti.

"Pilo, mutum za ka kawo min gida ko raƙumin dawa?"

Ranar da yaron zai sauka, ƙungiyar gaba ɗaya ta tafi filin jirgi a jifni, doguwar motar hayarsu, da kyalle mai ɗauke da sunansa. Pilo ya ɗage yana duba saman kawunan fasinjoji. Mutane suka yi ta fitowa har suka ƙare. Sai ya ji an taɓa masa hannu. Wani siririn saurayi ne baƙi, da jaka ɗaya a kafaɗa, yana murmushi. Da kaɗan ya ɗara Dindo, kaftin ɗin ƙungiyar.

"Koci Pilo? Ni ne Burama," ya ce da Turancin da Sista ta koya masa.

Dindo ya matso kusa da kunnen Pilo.

"Koci, ko sauran nasa na cikin kaya?"

Suna isa gida Pilo ya zagaya bayan ɗaki ya kira yayarsa.

"Manang, wa kika turo min?"

"Wanda ka ce."

"Dogon na ce!"

"Famara?" Ta yi dariya har da tari. "Famara ai ko dokokin wasan bai gama sani ba. Ɗan kokawa ne. Cewa ka yi yaron nan, ni kuwa wanda ya fi kowa iyawa na sani. Sake kallo, ka dubi inda ƙwallon ke fitowa."

"Ni ba wannan ya dame ni ba."

"To ya riga ya zo. Ka riƙe min shi da kyau, ɗan mutane ne."

Fada Sumagaysay bai ta da hankali ba. Ya ce ko ba komai doka ta ce baƙo sai ya yi shekara yana karatu kafin ya shiga gasa. In shekarar ta cika Pilo bai gamsu ba, a bar yaro da karatunsa, a nemi wani.

Pilo bai taɓa yi wa Burama faɗa ba, bai kuma taɓa tsayawa ya dube shi sosai ba. A wurin atisaye yakan sa shi a ƙarƙashin raga, inda dogo ke tsayawa, ya ce ya tare. Burama ya tsaya a nan, a ture shi, ya tashi ya karkaɗe wando. Da azahar Pilo ya koma bencinsa, dogonsa ya ci gaba da ratso teku, sai dai yanzu fuskar Famara gare shi.

Luding ce ta karɓe shi. Da ta ji Musulmi ne, ta daina shigo da naman alade gidan, Pilo ya yi ta gunaguni ba ta kula ba. Ta gasa masa kifin bangus a ganyen ayaba, ta zuba shinkafa, ya wanke hannu ya ci kamar a gidan aka haife shi. Ya ce mata garinsu ma haka yake: shinkafa da kifi, ruwan sama ba ƙaƙƙautawa, itatuwa tsaye cikin ruwan gishiri. Wani lokaci in ya farka da safe ya ji zakara da ƙamshin gawayi, sai ya ɗan jima kafin ya tuna a wace ƙasa yake. Ta fara kiransa Toto, kamar yadda take kiran 'ya'yanta maza, shi kuma yana ce mata Tiya, wato gwaggo.

Da mangwaro ya nuna, wata Lahadi ta aiki Pilo da Burama Guimaras su ɗauko mata kwando wurin ƙanenta. Suka shiga jirgin ruwa, suka zauna daga gaba. Teku ta kwanta luf, sama da ruwa launi ɗaya, har mutum bai san inda ɗaya ya tsaya ɗaya ya fara ba. Burama ya zura hannu yana taɓa feshin ruwa.

"Koci, na san ba ni ka aika a kawo ba."

Pilo ya juyo. "Dindo ne ya gaya maka?"

"Gado ne. Kullum in na kwanta sai in ga sauran wuri a ƙasan ƙafata, kamar ana jiran wani." Ya yi murmushi. "Famara ɗan kawuna ne. In ka kawo shi, kwana uku zai yi ya fara kukan gida. Kuma ba ya ganin ƙwallo, Koci. Ni nake sa masa a hannu."

Burama ya yarfe ruwan hannunsa, ya ci gaba.

"Dindo ya fi shi tsalle nesa ba kusa ba. Amma a ƙirji ake ba shi ƙwallo, sai ya tsaya yana tunani, kafin ya gama an rufe shi. A ba shi a sama, inda ba zai sami zarafin tunani ba."

"Kai za ka koya min aikina?"

"A'a, Koci. Roƙo nake, ka cire ni daga ƙarƙashin ragar nan. Ƙuguna ya gaji da faɗuwa."

Dariya ta kusa ƙwace wa Pilo, ya danne ta, ya mai da ido kan ruwa. Suka dawo da mangwaro, bai ce e ba, bai ce a'a ba.

Bayan 'yan kwanaki yana kwance a bencinsa, barci na ɗibarsa, sai ya ji ƙarar takalma. Ya buɗe ido kaɗan. Hasken rana ya shigo ta tagar sama ya tsaya a tsakiyar ɗakin, ƙura na yawo a ciki. Ya ga ƙwallo ta tashi a hankali ta ratsa hasken, ta nufi gefen raga inda ba kowa. Ya ce a ransa an yi asarar jifa. Sai ga Dindo daga can kusurwa, ya tashi sama, ƙwallon na nan kamar ta tsaya jiransa. Ya kama, ya zura. Ya sauko yana kallon tafin hannunsa.

Pilo bai motsa ba, don bai tabbata ya farka ba. Suka sake. Wannan karon Burama na kallon ƙofa ne, ƙwallon ta fita ta bayansa ta sami wani yaro da shi kansa bai san a buɗe yake ba. Pilo ya tashi zaune, ya lalubi silifas da ƙafa.

"Toto," ya ce. Ranar ce farkon da ya kira shi haka. "Sake yi in gani."

Da shekara ta zagayo, San Telmo ta shiga gasa da baƙo mafi gajarta a duk ƙungiyoyin. Wasan farko 'yan kallon ɗaya ɓangaren suka yi ta ihu wai an sayar musu da rabin kaya. Kafin a tafi hutun rabin lokaci sun yi shiru. Yaran Pilo ba su ƙara tsawo ba, amma sai ka rantse sun ƙara yawa. Duk inda ƙato ya juya, ƙwallo ta riga ta bar wurin. Pilo da ya saba tsayawa bakin layi yana daka tsawa har muryarsa ta dushe, sai ga shi zaune da hannu a haɓa, wani lokaci har ya manta shi ne koci. Masu tura keken haya suka fara ajiye aiki ranar wasa. Luding ta riƙa zuwa da tukunyar shinkafa.

Suka kai wasan ƙarshe, abin da kwalejin ba ta taɓa yi ba. Abokan karawarsu wata babbar makaranta ce daga Bacolod, da wani ɗan Kamaru mai hannuwa kamar reshen rimi. Aka yi ta kai da kawo, maki na bin maki. Dab da tashi San Telmo na baya da maki ɗaya, ƙwallo na hannun Burama. Dindo ya ruga kusurwa. Burama ya jefa ta sama, ɗakin ya yi tsit, ta tafi a hankali yadda ta saba. Dindo ya tashi. Ɗan Kamarun bai ko yi tsalle sosai ba, ya miƙa hannu, ɗan yatsansa ya taɓa ta, ta kauce. Aka busa tashi.

Dindo ya zauna a ƙasa ya rufe fuska da riga. Burama ya je ya ɗaga shi, sannan ya je ya gaisa da ɗan Kamarun da Faransanci, suka ɗan yi dariya. A bakin ƙofa Fada Sumagaysay ya tari Pilo.

"Ka ga abin da tsawo ke yi. In kana so, baɗi mu nemo irinsa."

"Gurbi ɗaya ne, Fada, kuma da mutum a ciki."

Haka aka yi. Burama ya zauna San Telmo har ya gama karatunsa na kiwon kifi. Kofi dai ba su taɓa ɗauka ba, amma ba a sake yi musu ihun rabin kaya ba.

A ranar da aka cinye su ɗin, Luding ta ce ba mai tafiya gida da yunwa. Suka cika jifni suka nufi bakin teku, inda ake gasa kaji a tsinke. Rana na shirin faɗuwa, ruwa ya yi ja. Yaran suka ci, suka fara tsokanar juna, har Dindo ya warware. Pilo ya cire takalma ya tsaya shi kaɗai inda igiyar ruwa ke isowa tana komawa. Sai ga Burama da waya a hannu.

"Koci, innata ce. Can yanzu hantsi ne. Ta ce sai ta ji muryarka."

Pilo ya kara wayar a kunne. Muryar wata dattijuwa ce, da yaren da bai san ko kalma ɗaya a ciki ba. Tana magana a hankali, ba gaggawa, a bayanta ana jin kaji da sautin daka. Ya tsaya yana saurare, ruwa na lasar ƙafarsa.

"To, Nanay," yake cewa, wato Inna, duk inda ta numfasa. "To. To, Nanay."

Ta daɗe tana magana. Da ta gama ya miƙa wa Burama wayar.

"Me ta ce?"

"Addu'a ta yi maka, da kai da Tiya Luding da yaran duka. Sannan ta ce ta ga hotona, wai na rame. A ƙara min shinkafa."

Pilo ya dube shi sama da ƙasa, ya juya wajen tebur.

"Luding! Zo ki ji ƙarar da aka kawo ki daga Senegal."