Kifin Da Ke Iyo A Rigingine

Tun safe Dakta take zaune gaban kwamfuta a ofishinta na cibiyar binciken teku, shayinta har ya huce, tana ta maimaita bidiyo guda. Kyamarar da suka zura ƙasan teku ce ta ɗauko shi, can inda hasken rana ba ya kaiwa. Wani baƙin kifi ne mai doguwar igiya a goshi kamar ta fatsa, wadda yake yaudarar abincinsa da ita. Shekara sha biyu tana nazarin irinsa, a iya saninta ba ta taɓa ganin haka ba: yana tafe a rigingine, ciki sama, igiyar tana reto ƙasa.

Zuciyarta ba ta je ko'ina ba sai kan Dogo, ƙanin mijinta, mai ɗaura kyamarorin cibiyar. Mutumin da ya taɓa saka mata kifin roba a kwalbar gwaji, me ba zai aikata ba?

Ta same shi a ɗakin gyara, hannu duk baƙin mai.

"Dogo, tsakaninka da Allah, kai ka juya hoton nan?"

"Haba matar Yaya, wasa har a kan aiki?" Yana faɗa yana danne dariya, abin da ya ƙara mata zargi ke nan.

"Jibi zan nuna wa manya. In ka kunyata ni, wallahi ni da kai ne."

"To ko kifin ne ya gaji ya kishingiɗa?"

Ta koma ofis, ta rufe ƙofa, ta bi bidiyon daki-daki. A minti na arba'in ƙafar na'urar da ke ɗauke da kyamarar ta bugi laka. Lakar ta tashi, ta sauko a hankali, ta kwanta a ƙasan hoton, inda ya kamata. Wata ƙaguwa ta gifta a kan ƙafafunta. Kifin kuwa yana nan yadda yake, bakin igiyarsa na neman shafar ƙasa, kamar mai farautar abin da ke ɓoye a ciki.

Duk da haka hankalinta bai kwanta ba. Ta tono tsofaffin bidiyoyi na tun kafin a ɗauki Dogo aiki. Ta sami biyu masu irin wannan kifi a rigingine, waɗanda ita da kanta ta ware da sunan kyamara ce ta karkace. Ta daɗe riƙe da haɓa.

Da rana Dogo ya leƙo. "Ya ake ciki?"

"Kifin ne," ta ce, ba ta ɗago ba.

"Ban ji ba, ƙara faɗa."

"Ka ji sarai. Ja min ƙofa."

Ta rubuta sunan Dogo a rahoton da za ta kai wa manya, kusa da nata.