Wasiƙar Atikatu Daga Bawku

A gidan Alhaji Iliasu mai doya, a Salaga, wasiƙa ba ta mutum ɗaya ba ce. Tun zamanin kakanninsa fataken goro, in takarda ta zo daga nesa, a zaure ake karanta ta bayan La'asar, kowa ya kasa kunne yana jiran sunansa. Wanda aka gaishe shi ya amsa da ƙarfi kamar mai takardar yana tsaye a gabansa. Wanda aka manta kuwa, sai a shekara ana ba shi haƙuri.

Atikatu ce 'yarsa ta fari. Bayan yunwar shekarar tamanin da uku ya tura ta Yendi ta koyi buga tafireta, daga can ta samu aiki a wani ofis a Bawku. Yayarsa Hajiya Shetu, wadda ta goyi yarinyar tun rasuwar uwarta, ba ta so ba ko kaɗan. Ta ce yarinyar da ta saba da kujerar ofis ba za ta ƙara sanin yadda ake durƙusa wa manya ba. Alhaji ya bugi ƙirji a gaban dangi ya ce 'yarsa ba za ta ba shi kunya ba. Mutum ne mai son a ce ya faɗa kuma ya tabbata, wannan kam kowa ya san shi da shi.

Da Fatawu direban lori ya kawo wasiƙarta ta farko, Alhaji bai tsaya ga mutanen gida ba, har maƙwabta ya aika aka kira. Zaure ya cika. Malam Nashiru, malamin makarantar boko da ke bayan gidan, ya buɗe ambulan, ya ɗaga takardar sama don kowa ya gani. Kyakkyawa ce, ba gyara ba gogewa, adireshi a dama, adireshi a hagu, ga kwanan wata, ga kan magana an ja masa layi. Da Turanci take, ya fassara. Tana sanar da Alhaji Iliasu Fuseini cewa ta isa lafiya, ta kama aiki, kuma za ta zo hutu da Babbar Sallah. Ta sa hannu, ta buga cikakken sunanta a ƙasa, sai ka ce uban bai san wanda ya raɗa mata shi ba.

Nan Malam Nashiru ya tsaya. Jama'a suka ci gaba da jira. Ya juya bayan takardar, fari fat.

Hajiya Shetu ta jawo takalmanta, ta miƙe a hankali tana dafa gwiwa.

"Iliasu, ko kunnena ne? Ban ji sunana ba."

"Yaya, ai ta gaida kowa a zuci."

"To, mu ma mun amsa a zuci."

Abin ya yi wa Alhaji zafi ƙwarai. Ya san yarinyar gwaninta ta so nuna masa, ta ba shi mafi kyawun abin da ta koya. Amma wa zai tsaya ya bayyana wa zaure guda haka? A kasuwa ma sai da abokan sana'a suka dame shi da tsiya, in ya iso su ce ga Alhaji Iliasu Fuseini nan, wanda ake sanarwa.

Bai yi mata faɗa ba. Ya ɗauko alƙalami da tawada ya rubuta amsa da hannunsa, da ajami, rubutun da ita ma ta koya kafin boko. Ya bi gidan ɗaki ɗaki yana karɓar gaisuwar kowa yana rubutawa, har ta Abibata mai koko ta ƙofar gida. Da ya zo wurin yayarsa ta ce a rubuta tana gaishe ta, in ta san ta. Ya rubuta haka, bai rage ko harafi ba. Can ƙarshe ya ƙara wata magana: rumfar masu doya ta rushe, sun sha kai takarda ofishin da ke kula da kasuwa, da gaisuwa da addu'a ga shugaban ofishin da iyalinsa, amma shiru. In tana da dabara, ta taimaka.

Sati ya zagayo, wani ya bi shi. Alhaji ya riƙa ratsawa ta tasha ba gaira ba dalili, yana cewa farashin dako ya zo tambaya.

Ran nan Fatawu ya sauko daga lori yana washe baki.

"Alhaji, yarinya naka ya ce in sa a hannu naka. Wannan karo yana da nauyi."

Bai kira maƙwabta ba, amma suka zo da kansu, don mutanen Salaga ba a gayyatarsu kallon abin da ya taɓa kunyata mutum. Takarda biyu ce a ciki. Ɗaya bugun tafireta, gajera. Ɗayar kuwa shafi ne bayan shafi da ajami, rubutun hannu. Alhaji ya ce wa Malam Nashiru ya huta, yau shi zai karanta.

Ta fara da sunan Allah. Sannan, kafin uban da ya haife ta, ta gaida Gwaggo Shetu. Ta tambayi gwiwarta, ta ce man kaɗanyar Bawku ya fi na gida kyau, ta ba Fatawu ya kawo. Ta ce tun da ta tafi ba ta ci miyar kuka mai daɗi ba, don ba wanda ya iya daddawa irin ta Gwaggo. Ta ce ta san ta, kuma ko an tashe ta daga barci za ta san ta. Daga nan ta bi kowa bisa shekarunsa, babba kafin ƙarami, ba ta tsallake ko jaririn da aka haifa bayan tafiyarta ba. Zaure ya cika da "muna amsawa". Alhaji ya fara tuntuɓe a karatun, ya ce tawadar ce ba ta fito sosai ba.

"Koma baya," in ji Hajiya Shetu. "Wurin daddawar nan."

Ya koma. Ta sa ya sake komawa. Sannan ta nuna ɗaya takardar da haɓa ta tambayi ta wane ce. Alhaji ya ce ta masu doya ce, wadda za a kai ofis. Ta ce a karanta ita ma. Malam Nashiru ya fassara: ga abin da ya rushe, ga tun yaushe, ga abin da ake roƙo, shi ke nan.

"Ba gaisuwa ko ɗaya?"

"Babu, Hajiya."

Ta gyara zama, ta dubi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya.

"Daidai ne. Su ai ba danginmu ba ne. Ni na goyi yarinyar nan, ta san wanda ake gaisarwa."

Alhaji Iliasu ya ninke takardun biyu ya sa a aljihun gaba. Ranar har Magariba ba wanda ya ga bakinsa a rufe don murmushi.