Ɗan Kalbubu Yana Mosko

Burul ba ta jira bas ta gama tsayawa ba ta diro, ta bi lungu da sauri tana zamewa a kan ƙanƙara. Shekara tara ke nan tana aikin kula da tsofaffi a gidajensu, ta kai musu gurasa da magani, ta hura murhu, ta yi musu wanka. Bana an rage wa gunduma kuɗin aikin. Cikin tsofaffinta goma sha biyu za a cire huɗu, kuma yau jami'i ke bi gida-gida yana duba wanda zai iya rayuwa ba tare da ita ba.

Wadda ta hana ta sukuni ita ce Kalbubu, mai shekara tamanin da ɗaya, wadda ko bokitin kwal ba ta iya ɗagawa. Jiya sau uku Burul ta ja mata kunne cewa kada ta share, kada ta gyara, ta bar gidan yadda yake kullum. Tsohuwar ta ce to.

Tana tura ƙofa ƙamshin suya ya tare ta. An share ɗaki tas, an shimfiɗa farin ƙyalle a ƙasa, an cika shi da gurasa da zuma da man shanu da alewa, har da dafaffen naman rago. Tun asuba maƙwabta ke shigowa da kwanuka. Ga Kalbubu zaune a gefe da sabon kallabi, sai ka ce uwar ango.

"Apa, me na ce miki jiya?" in ji Burul. Apa suke ce wa uwa a nan.

"Kin ce baƙo zai zo."

"Jami'i na ce."

"Shi jami'in ba shi da baki ne? Ke dai makaranta ta lalata ki."

Burul ta sunkuya ta fara kwashe kwanuka, ta rasa inda za ta ɓoye su, ta ɗauki naman ta mayar, ta sake ɗauka. Yana hannunta aka yi sallama.

Esenbek sunan jami'in, wani dogo mai furfura da gajiya ta gama cinyewa. Ya cire takalmi, aka zaunar da shi a wurin manya nesa da ƙofa, ya gutsuri gurasa. Da ya buɗe jaka ya tambayi Kalbubu wa ke kula da ita, sai bakinta ya buɗe. Ɗanta Kubat yana Mosko, babba ne a wurin gini, kullum sai ya kira, duk wata sai ya aiko. Ta ce zumar nan ma shi ya sa aka sayo.

Burul ta san gidan da zumar ta fito. Ta kuma san shekara uku ke nan Kubat bai kira ba, domin ita ke sa wayar caji duk Alhamis, ita ke ganin babu kiran kowa. Haushi ya cika ta, tausayi ya danne shi, ta yi ta zuba shayi.

Da aka shafa addu'a ta bi shi waje babu ko riga mai nauyi, ta zayyane masa komai a bakin mota. Ya bari ta gama, sannan ya ce ya gani da idonsa. Kofunan ba na gida ɗaya ba ne, kuma tsohuwar da ke da ƙafa ba ta barin baƙo ya fita tana zaune. Amma shi abin da mutum ya faɗa yake rubutawa. Ya miƙa mata takarda, ya nuna mata layi biyu na waɗanda ba za a cire ba. Na sama na wanda ba shi da ɗa ne, na ƙasa na wanda yake da ɗa amma ɗan ya daina kula da shi. Tsohuwar ta sa hannu a na ƙasa, a kai masa ofis kafin ƙarfe huɗu, shi kuwa zai manta da hirar shayi.

Ta koma ta tarar da Kalbubu tana ƙoƙarin miƙewa, ta dafa bango, ta kasa. Burul ta ɗaga ta zuwa gado, ta karanta mata takardar a hankali. Ta gaya mata gaskiya, in ba a sa hannu ba, daga makon gobe babu mai hura mata murhu, ga sanyi da sauran wata uku.

Kalbubu ta dubi takardar. Ta tambaya ko a ofis ake ajiye ta, ko kowa na iya karantawa. Burul ta ce a ofis ne, kuma ba ta san iyakar masu gani ba.

"Sake karanta mini na saman."

Ta karanta.

"To a nan zan sa. Rubuta ban taɓa haihuwa ba."

"Apa, duk garin nan an san Kubat."

"Gari ya sani, takarda ba ta sani ba. Wata rana zai dawo, 'yar nan. Ba zai tarar an rubuta masa wannan ba."

Burul ta dubi agogo, biyu saura, bas ta ƙarshe kuma biyu da rabi. Ta ɗora takardar a kan faranti, ta sa mata biro tsakanin yatsu, ta riƙe hannun don kada ya zame zuwa layin ƙasa.